Baƙin da Ba Su Zo da Haja Ba

Malam Nuhu ya kama kunnen akwatin da hannu biyu, Rabe direba ya kama ɗaya kunnen, suka sauke shi daga saman tasi a ƙofar gida. Akwatin ƙarfe ne kore, an ɗaure shi tamau da igiya, ga ƙaton kwado a bakinsa. Da ya taɓa ƙasa sai wani abu ya yi ƙara a ciki, siririyar ƙara irin ta ƙarfe mai kyau in ya gogi ɗan'uwansa. Kunnen Malam Nuhu ya ajiye ta.

Ya juya wajen baƙon. "Ku shigo, Malam, ku shigo. Sannunku da hanya. Yaya kuka baro mutanen Gusau?"

"Lafiya lau munka baro su, suna gaishe ku," in ji baƙon.

Dattijo ne dogo siriri mai tabarau, sunansa Malam Isa. Matarsa Hansai tana bayansa cikin shuɗin mayafi, gajera mai fara'a, tana ta bin komai da kallo, daga motocin da ke fita tashar Kawo har kwatar da ruwan daren jiya ya cika. Zainab, 'yar Malam Nuhu, ita ta kawo su. Ta gama makarantar koyon aikin ofis bara, yanzu tana aiki a wani sabon ofishin tafiye-tafiye a Doka, inda ake yanka wa mutane tikitin jirgi, a kuma nema musu masauki. Ta kai Hansai cikin gida wurin Jummai, matar Malam Nuhu, Malam Nuhu kuwa ya buɗe wa baƙon ɗakin da ya fi kowane iska, aka shigar da akwatin.

Gidan tsohon masaukin fatake ne. Mahaifin Malam Nuhu ya taso daga Katsina ya kafa shi tun Kawo tana ƙauye, shi kuma ya gaji sana'ar fatoma a hannunsa. Sana'ar ba ta da wuyar faɗi. Baƙo ya zo da hajarsa, ka ba shi ɗaki da tuwo da ruwan wanka, ba ka karɓi ko anini a kansu ba. Ka adana masa kayansa, ka nemo masa masu saye na gaskiya, in ciniki ya faɗa sai ka sami la'adarka. A da, ranar jajiberin kasuwa ko wurin shimfiɗa tabarma ba a samu a soron nan. Masu fata da masu goro da masu taba, kowa da warin kayansa da irin munsharinsa. Sai aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka yawaita, falke ya zo da safe ya sayar ya koma gida kafin isha'i. Ɗakunan suka koma na gizo-gizo. Malam Nuhu ya riga ya faɗa wa kansa cewa in damina ta fita a haka, sai dai ya zuba 'yan haya, sunan fatoma kuma ya bi mahaifinsa kabari.

Zainab ta same shi a soro yana kakkaɓe buzu. Ta durƙusa daga gefe.

"Baba, don Allah ka saurare ni kafin in koma ofis. Otal-otal ɗin garin nan duk sun cika, har a falo ake shimfiɗa wa mutane katifa. Tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan kowa ya tashi da tafiya. Turawa na zuwa, mutanen Ikko na zuwa, yanzu ga namu ma sun fara. Manaja ya ce in ka yarda gidan nan ya shiga cikin wuraren da muke kai baƙi, ba za ka ƙara ganin ɗaki a rufe ba. Gobe da safe yake son amsa. Akwai wani mai gida a Abakpa da ke ta yi masa zarya."

"Ya ba shi mana. Ni ba na sayar da kwana, Abu. Ubana bai sayar ba. Kina so a wuce ana nuna ƙofata ana cewa ga otal ɗin Nuhu?"

"To hayar da kake shirin zubawa fa, Baba?"

"Haya mutuwar gida ce, na sani. Amma gara a ce ya mutu da a ce ya lalace." Ya rage murya. "Su waɗannan da kika kawo, me suka riƙo?"

"Ba su riƙo komai ba. Yawon buɗe ido suka zo. Tsohon malamin makaranta ne, ya yi ritaya."

Malam Nuhu ya yi murmushin da babba ke yi wa yaro. "Je ki, kar ki makara."

Da hantsi Jummai ta aiko da fura mai sanyi da ɗumamen tuwo. Malam Nuhu ya zauna tare da baƙonsa suna sha. A ƙa'idar sana'ar, fatoma ba ya tambayar baƙo abin da ke cikin kayansa kai tsaye, sai dai ya zagaya.

"Allah ya sa da alheri aka zo, Malam."

"Alheri ne. Ganin gari kawai ya kawo mu."

"Madalla. Garin kuwa yana da kyau bana. Komai aka kawo yana tafiya."

"Haka muka ji ana faɗi a rediyo," in ji Malam Isa, ya kurɓi furarsa.

Malam Nuhu ya sunkuyar da kai don kar a ga jin daɗinsa. Duk falke mai wayo haka yake yi ranar da ya sauka. Ba zai taɓa nuna yana da abin sayarwa ba sai ya shaƙi iskar kasuwa, kuma gwargwadon darajar kaya gwargwadon ɓoyonsu. Mutanen Zamfara kuwa sun fi kowa iya wannan. Ga nauyin akwati, ga kwado, ga ƙarar nan da ya ji. Kuma mutum ya taho da matarsa, alamar kayan ɗaki ne na gado ake son rabuwa da su cikin sirri. Tsofaffin mundaye da warwaron azurfa, ba shakka. Ya san Turawan da ke cika otal-otal yanzu suna hauka a kan irin waɗannan. Zuciyarsa ta buga irin bugun da ta manta. Yarinya ta ce ba su riƙo komai ba. Ina ta san haja, ita da ta tashi a kan takarda?

Ya ba baƙon wuri ya huta, ya zura takalmi ya nufi bakin tasha wurin Bawa dillali, abokinsa tun suna samari.

"Kai, fatoman gizo-gizo, yau kuma an tuna da mu?" in ji Bawa daga kan bencinsa.

"Tashi ka wanke fuska, tsohon banza. Azurfa ta sauka a gidana. Nemo mini mutumin nan da ke kai wa otal kayan gargajiya, ku zo bayan azahar. Kuma ka riƙe bakinka."

"Ka gani da idonka?"

"Na ji da kunnena. Yaushe kunnena ya taɓa yi mini ƙarya?"

Bayan azahar suka iso, Bawa da wani mai saye ɗan gayu da jakar hannu da agogo mai walƙiya. Aka shimfiɗa babbar tabarma a soro, aka kawo goro, aka yi gaisuwa mai tsawo. Malam Isa ya amsa kowace da ladabi, yana tsammanin maƙwabta ne suka zo yi masa barka da zuwa. Da gaisuwa ta ƙare, Malam Nuhu ya gyara murya.

"Malam, waɗannan mutanena ne, na yarda da su kamar kaina. Abin da aka gani a nan, a nan zai tsaya. Ina ganin a fito da akwatin nan a buɗe."

Malam Isa ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

"Akwatinmu?"

"Shi. Kar ka ji komai."

Dattijon ya ɗaga murya wajen cikin gida. "Hansai, miƙo makulli. Masu gida na son ganin kayanmu. Wataƙila al'adar wanga gari ce."

Aka jawo akwatin tsakiyar tabarma. Hansai ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida, Jummai na leƙe ta bayanta. Malam Isa ya kwance igiya, ya buɗe kwado, ya ɗaga murfi. Warin daddawa ya cika soron.

A sama akwai zannuwa da riguna a ninke. Ƙarƙashinsu ga ƙullin garin gero, ga kuka, ga daddawa, ga ƙuli-ƙuli, ga kwalbar man shanu an toshe bakinta da tsumma. Can ƙasa ga risho, ga tukunya, ga langa mai murfi, ga 'yan cokula da ludayi a cikin kwanon sha. Malam Isa ya ɗaga kwanon don a gani sosai, cokulan suka yi wannan siririyar ƙara.

"An ce muna a Kaduna har ruwan sha saye akai," in ji Hansai daga ƙofa, cikin jin kunya. "Shi ya sa na haɗo komi."

 Mai saye ya duba agogonsa, ya miƙe, ya ce yana da wani alkawari a Doka. Bawa ya daure iya daurewarsa, har kafaɗunsa suka fara rawa.

"To, fatoma," in ji shi yana share hawaye, "daga ina za a fara tayi? Daga ludayi ko daga kuka? Ni dai ƙuli-ƙulin nan ya yi mini, in mai shi zai sallama."

Malam Isa ya ɗebo masa cike da hannu. Bawa ya karɓa ya fita yana tauna, ana jin dariyarsa har ya sha kwana. Malam Nuhu ya san kafin la'asar duk tashar Kawo za ta ji. Ya zauna yana kallon tabarma, kunya ta rufe shi. Ba dariyar Bawa ce ta fi ci masa rai ba. Ya tona kayan baƙonsa a gaban mutane, abin da ba a taɓa yi ba a gidan nan.

"Malam, ka yafe mini," ya ce da ƙyar. "Na ɗauka haja ce kake ɓoyo. A soron nan ban taɓa saukar wanda ya zo hannu rabbana ba. Ko mai kaya, ko wanda shari'a ta kawo, ko mai jinya. To kai me ka zo yi, fisabilillahi?"

Malam Isa ya zauna kusa da shi, yana mayar da zannuwan ɗaya bayan ɗaya.

"Labarin ƙasa na koyar duk rayuwata," ya ce. "Ajina na jingine da katangar gidanmu. Kullum ina zana koguna da alli, yara na maimaita sunayensu. Ita kuma tana tsakar gida tana daka, tana ji. Har ta fi yaran haddacewa. Wata rana ina cin tuwo sai ta ce, Malam, wai ruwayen ga da kake ta faɗi, masu ɗaukar jirgi, da gaske akwai su, ko dai na makaranta ne? Na ce akwai su. Ta ce kai ka gani? Na ce ban gani ba, amma in Allah ya ba mu rai za mu gani tare." Ya rufe akwatin a hankali. "Ɗiyanmu duk sun yi aure. Gwamnati ta ba ni ɗan abin da ta ba ni. Na ce kafin ƙafa ta ƙi, bari in cika mata."

Malam Nuhu ya ɗago ya dube shi. Ya sha ganin mutum ya keto daji da rana saboda riba, amma bai taɓa ganin wanda ya keto saboda tambayar da matarsa ta yi masa a kan kwanon tuwo ba. Wani abu ya motsa masa a ƙirji, mai daɗi da zafi a haɗe.

"Yanzu kogin Kaduna za ku?"

"In an nuna muna inda ake shiga mota."

"Baƙona ba ya fita neman abin da ya kawo shi shi kaɗai," in ji Malam Nuhu, ya miƙe. "Bari in aika a kira Rabe."

Suna sallame la'asar suka kama hanya, Malam Nuhu a gaba kusa da direba, baƙin a baya. Sai a lokacin ya gane bai san inda zai ce a nufa ba. Ya san rumfar kowane mai sayen fata a garin nan, ya san wanda ke tauye mudu da wanda ke biya a kan kari. Amma kogi, shi a kan gada kawai yake tsallake shi cikin mota, yana lissafin kasuwa.

"Ina muka dosa, Baba?" in ji Rabe.

"Bakin ruwa mana."

"Bakin ruwa ai da yawa. Na masu wanki ko na masu yashi?"

"Akwai wani lambu na gwamnati a gefen kogin," in ji Malam Isa daga baya. "A cikinsa akwai tsohuwar gadar ƙarfe da anka ɗauko daga Zungeru."

"Na gane, inda nake kai Turawa," in ji Rabe.

A hanya ma haka aka yi. Suka wuce wani babban gini mai ƙubba, Hansai ta tambaya ko masallaci ne, Malam Nuhu bai sani ba, sai mijinta ya ce majalisa ce, ya faɗi abin da ake yi a ciki. Suka wuce sabon gidan adana kayan tarihi, nan ma baƙon ne ya yi bayani. Rabe ya saci kallon Malam Nuhu ta gefen ido.

"Baba, wai cikinku wane ne ɗan gari?"

"Tuƙa motarka, marar kunya."

Lambun ya cika da jama'a. Ga Turawa da kyamara rataye a wuya, ga wani iyali daga kudu sun baje abinci a kan ciyawa, ga 'yan makarantar kwana cikin fararen kaya, ga mai hoto yana kiran a zo a ɗauka, ga masu tallan gyaɗa da rake suna bin kowa. Malam Nuhu ya yi mamakin yadda wannan taro yake ci a garinsu ba tare da labarinsa ya taɓa zuwa soronsa ba.

Suka ga gadar, 'yar siririya mai tsufa, Malam Isa ya shafa ƙarfenta kamar mai gaida tsohon aboki. Sa'an nan suka gangara ta ƙarƙashin itatuwa, sai ga kogin.

Damina ta cika shi har wuya. Ruwa ja, mai faɗi, yana tafiya a natse kamar wanda ba abin da ke gabansa, rana mai shirin faɗuwa ta zuba masa haske tun daga wannan gaɓa har waccan. Can tsakiya wani masunci yana tura kwalekwale da gora, fararen balbelu na bin iska a samansa. Hansai ta tsaya cak. Ta saki bakin mayafinta, iska ta ɗauke shi, mijinta ya kama gefen ya riƙe, bai kuma saki ba. Sun daɗe a haka. Malam Nuhu ya ja baya kaɗan, kamar yadda yake yi in mai kaya da mai saye sun kusa daidaitawa.

"Ashe da gaske kake, Malam," in ji Hansai a hankali.

"Ni ma sai yau na tabbata," in ji Malam Isa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Malam Nuhu ya dubi fuskar dattijon, sai ya ga ya san ta. Ita ce fuskar da falke ke shigowa da ita soro da yamma in kayansa sun ƙare da daraja, ya zauna ya miƙe ƙafa ya ce a kawo ruwa. Saboda wannan fuskar mahaifinsa ya gina ɗakunan nan. Shekara da shekaru rabonsa da ita, yau ga ta a bakin kogi, a kan mutumin da bai sayar da ko tsinke ba.

Sun dawo gida ana kiran magariba. Bayan salla baƙin suka shiga ɗaki, ana jiyo Hansai tana ba Jummai labari ta taga, tana auna faɗin ruwan da hannuwa. Zainab ta dawo daga aiki, ta kawo wa mahaifinta fitila soro. Daga yadda take cije leɓe ya san labarin akwati ya riga ya kai mata.

"Yi dariyarki ki huta," ya ce.

"Ni ban ce komai ba, Baba."

"Zauna. Gobe ki faɗa wa manajanku ya turo baƙinsa. Amma ki faɗa masa da kyau, kwana da tuwo ba na sayarwa, ko shi ya zo kyauta zai ci. Abin da na sani shi ne in ɗauki baƙo in kai shi inda abin da ya zo nema yake. A kan wannan ake ba ni la'ada tun ina saurayi, a kansa zai ba ni."

Zainab ta juya maganar a ranta. "Zai yarda. Masu zagayawa da baƙi ma nema muke ba mu samu ba. Sai dai, Baba, Rabe ya ce yau baƙon ne ya zagaya da kai."

"Rabe bakinsa ya fi motarsa gudu. Shi ya sa na ce ya zo gobe da hantsi. Zan bi wuraren nan ɗaya bayan ɗaya in gani da idona, in tambayi sunan komai, kafin wani ya sake kunyata ni a garinmu."

A cikin gida ƙarar kwanukan da Jummai ke wankewa ta tsaya. Aka ɗan jima, sai muryarta ta fito daga bayan ƙofa, ƙasa-ƙasa, kamar ba da kowa take ba.

"Malam, motar Raben nan, bayanta da kowa gobe?"

Malam Nuhu ya dubi ƙofar, ya dubi 'yarsa. Zainab ta sunkuyar da kai tana gyara lagwanin fitila.

"Ba kowa," ya ce. "Ki shirya da wuri."